Son Da Bai Kai Ga Ɗaurin Aure Ba: Tarihin Kunya A Finafinan Fasaha, Daga Yamai Zuwa Faru

Gabatarwa

Duk wanda ya bi diddigin tarihin fim daga tsakiyar ƙarni na 20 zuwa yau zai ci karo da wani abin mamaki. Labaran soyayyar da suka fi daɗewa a zukatan masu kallo, waɗanda har gobe ake nazarinsu a jami'o'i, da yawansu ba su ƙare da ɗaurin aure ba. Mutum biyu za su haɗu, kowa ya gane abin da ke ran ɗan'uwansa, amma baki ya kasa furtawa, daga ƙarshe kowa ya kama gabansa. Irin waɗannan labarai sun fi yawa a rukunin da zan kira finafinan fasaha, wato waɗanda mai shirya su ya fara duba abin da yake son faɗa kafin ya yi lissafin riba, kuma aka fi ganinsu a bukukuwan baje kolin finafinai na duniya. Kishiyoyinsu su ne finafinan kasuwa, waɗanda ake auna nasararsu da yawan tikiti ko kaset ɗin da aka sayar.

Ni mutumin Faru ne, a ƙasar Maradun ta Jihar Zamfara, kuma da idon ɗan wannan yanki nake duban lamarin. A wurinmu in an ce fim ɗin soyayya, abin da ke zuwa rai shi ne rawa da waƙa, sai rigimar iyaye, sai biki. In aka ce akwai fim ɗin da masoya za su kwashe sa'a biyu ba wanda ya buɗe baki ya ambaci so, sai a ɗauka wani salo ne na Turawa ko na mutanen Gabas mai nisa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa salon nan ya fi dacewa da tarbiyyarmu bisa wanda muka runguma, cewa maƙwabtanmu na Nijar sun gwada shi fiye da shekara 50 da suka wuce, kuma akwai dalilai na tarihi da suka hana shi yin saiwa a Kano, cibiyar finafinan Hausa.

Yadda kyamara ta koyi kawaici

Misalai uku daga ƙasashe uku za su fayyace abin da nake nufi. A 1945 David Lean na Ingila ya fitar da Brief Encounter. Wata matar aure da wani likita, shi ma magidanci, sun haɗu a ɗakin shan shayi na tashar jirgin ƙasa, ranar da tsakuwa ta faɗa mata a ido ya cire mata. Suka riƙa haɗuwa duk ranar Alhamis har abin ya kai inda suka ga in ba su tsaya ba gidaje biyu za su rushe. Likitan ya karɓi aiki a Afirka ta Kudu. Ranar sallama, suna zaune ke nan sai wata mai surutu da ta san matar ta zo ta zauna tsakaninsu, ta cinye 'yan mintocin da suka rage musu. Da jirginsa ya iso, abin da ya iya yi kawai shi ne ya ɗora hannu a kafaɗarta ya wuce. Wannan ɗora hannun ya ɗauki nauyin da doguwar magana ba za ta ɗauka ba.

A 1964 Satyajit Ray na Indiya ya yi Charulata, daga wani labari na Rabindranath Tagore. Matar wani mai gidan jarida ce a Kalkata, miji ya shagala da aiki, kaɗaici ya ishe ta, sai zuciyarta ta karkata ga wani ƙanen mijin, wanda a al'adarsu, kamar yadda yake a tamu, abokin wasanta ne. Da saurayin ya fahimci inda wasan ya dosa, sai ya tattara kayansa ya bar gidan cikin dare. Fim ɗin ya ƙare miji da mata sun miƙa wa juna hannu, hoton ya daskare kafin hannayen su haɗu.

A 2000 Wong Kar-wai ya fitar da In the Mood for Love. Maƙwabta biyu a Hong Kong ta 1962 sun gano cewa mijin wannan da matar wancan suna cin amanarsu. Baƙin ciki ya haɗa su, so ya shiga, amma suka ƙudurta ba za su aikata abin da aka yi musu ba. Bayan shekaru, mutumin ya je wani tsohon wurin bauta a Kambodiya, ya raɗa sirrinsa a cikin wani rami na jikin bango, ya toshe shi da laka.

A duk ukun babu mugun da ya raba masoyan. Su da kansu suka ja da baya, saboda akwai amanar da ke wuyansu. Mai kallo kuwa an bar masa aiki: shi zai karanta fuska, ya auna tazarar da ke tsakanin mutum biyu a kan matakala, ya ji abin da shiru ke faɗa. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan darasi da ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Kunya ta riga majigi zuwa

Ba sai an koya wa Bahaushe karanta abin da ba a furta ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, a gaban mutane ma takan nuna kamar ba ta damu da shi ba, alhali kowa ya san matsayinsa a ranta. Matar aure ba ta ambaton sunan mijinta, sai ta ce Malam, ko Maigida, ko ta ce "shi" kawai a gane. Budurwa a wurin zance kanta a sunkuye, tana wasa da bakin mayafi, amsarta ba ta wuce kalma biyu, kuma sau da yawa ƙawarta ce kakakinta. In iyaye suka tambaye ta ko tana son wane, shirunta shi ne amsa. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a 1974, kunya da haƙuri da amana suna cikin halayen da ya lissafa. A garinmu ma muna da shaida ta fuskar waƙa. Alhaji Sa'idu Faru, makaɗin kotso da ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo waƙoƙi, ya rasu a 1987, ya shahara da azanci da habaici: ba a kama suna, amma duk wanda ke fada ya san inda aka dosa. Kunnen da ya saba da irin wannan ba zai kasa fahimtar fim mai kawaici ba.

Rubutaccen adabinmu ma da son da bai cika ba ya fara. Cikin littattafan da suka fito sakamakon gasar da Rupert East ya shirya a 1933 akwai Jiki Magayi, wanda shi da John Tafida suka rubuta. Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya sa dukiya ya aure ta. Sai dai marubutan sun juya labarin zuwa ramuwar gayya, Abubakar ya ƙare rayuwarsa wajen neman asirin da zai lalata zuriyar abokin hamayyarsa. Bayan kusan rabin ƙarni, Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe tana zaune a Gusau, ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, inda budurwa ta tsaya kai da fata a kan zaɓinta. Daga nan adabin kasuwar Kano ya ɗauka, da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Hanyoyi biyu ke nan adabin ya fi bi: wanda aka hana ya rama, ko kuma ya jure har ya samu. Hanya ta uku, ta wanda ya rasa kuma ya haɗiye, ita ce ta fi yawa a zahirin rayuwa, ita ce kuma aka fi ƙaranta rubutawa.

Abin da ya shigo ta Kano

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ta farko majigi ne, motar gwamnatin mulkin mallaka da ke zagaya garuruwa tana nuna tsaftar gida da noman auduga da biyan haraji a ƙofar fadar hakimi. Ƙauyuka da ƙananan garuruwa irin namu wannan suka fara sani, kuma babu soyayya a cikinsa. Ta biyu gidan sinima ne. An buɗe Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya, har manyan garuruwa irin su Sakkwato da Gusau suka samu nasu. Tun farko malamai da dattawa ba su yi na'am da wurin ba, kuma gobarar sinimar El Duniya a Kano ranar 13 ga Mayu 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa mutane yaƙinin cewa wurin ba na mutumin kirki ba ne. Macen da ke son a ga mutuncinta ba ta zuwa.

Daga shekarun 1950 'yan kasuwar Lebanon masu gidajen sinima suka fara shigo da finafinan Indiya, suka kuwa samu karɓuwar da ta wuce ta Amurka. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya bayyana dalili: Bahaushe ya ga mutane masu suturta jiki, masu girmama iyaye, masu fama da auren tilas, ya ga rayuwa mai kama da tasa ba tare da ta zama ta Bature ba. Finafinan Indiya na wancan zamani su ma suna da nasu takunkumin, domin ba a nuna sumba. Dabarar da suka yi ita ce su zuba duk abin da jiki bai yi ba a cikin waƙa. Da zarar so ya cika zuciya sai a yanke zuwa lambu ko kan dutse, a rera shi da ƙarfi. Wannan ita ce makarantar da masu kallo na Arewa suka yi shekara 40 suna zama a cikinta. Indiyar Satyajit Ray mai shiru ba ita ce ta cika allunan Kano ba, Indiyar Bombay ce mai kiɗa.

Yamai da Tawa

A daidai wannan lokaci wani abu daban yana faruwa a tsallaken iyaka. Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniya a 1941 kafin ya koma ɗaukar fim, ya ja wasu samari a jiki, biyu daga cikinsu suka zama iyayen fim a ƙasar. Na farko Moustapha Alassane, wanda ya yi Aouré a 1962, kan yadda ake neman aure a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogin Kwara. Sunan fim ɗin kalma ce da kowane Bahaushe ya sani. Na biyu Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙi a Indochina, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir. Akasarin aikinsu da Zabarmanci da Faransanci ne, amma addini ɗaya ne, tsarin aure da sadaki da zaman kishiyoyi duk irin namu ne.

Fim ɗin Ganda mai suna Le Wazzou polygame shi ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, wato Dokin Yennenga, a 1972. Kalmar wazzou ita ce wa'azi. Wani Alhaji ne ya dawo daga Makka da suna da kuɗi, yana da mata biyu, idonsa ya faɗa kan Satou, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi mai suna Garba alkawarinta. Iyaye suka kasa ce wa Alhaji a'a. Labarin Jiki Magayi ne sak, amma Ganda bai ba saurayin asiri ko makami ba. Garba ya bar gari. Bala'in da ya biyo baya daga cikin gidan Alhajin ya fito: matarsa ta biyu, wadda Zalika Souley ta fito a matsayinta, kishi ya kai ta ga yunƙurin kashe amarya, aka yi kuskure ƙawar amarya ta mutu. Abin lura shi ne Ganda bai ɓata lokaci wajen nuna mana zafin son Garba da Satou ba. Ya nuna mana zaman manya, da gaisuwa, da yadda ake yanke hukunci kan rayuwar yarinya ba ta wurin. Girman abin da aka ƙwace sai mai kallo ya auna shi da kansa.

A 1973, ana tsakiyar farin da ya halaka dabbobi daga Senegal har Chadi, Alassane tare da Anna Soehring suka yi Toula, daga wata tatsuniya da Boubou Hama ya rubuta. Ruwa ya ƙafe a ƙasa, boka ya ce iskan ruwa ba zai huce ba sai an ba shi budurwa, zaɓi ya faɗa kan Toula ta gidan sarki. Saurayin da ke son ta bai ja da sarki ba, bai kuma sace ta ba. Ya shiga daji neman ruwa, a kan in ya samo, babu sauran hujjar salwantar da ita. Ya samo, ya juyo da albishir, ya tarar tafki ya riga ya haɗiye ta. Soyayyarsa duka a tafiyar nan take, ba a baki ba.

Mutumin ƙasar Maradun ba zai kalli Toula a matsayin tatsuniya kawai ba. Bayan wancan fari ne aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin 1974 da 1978. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, aka tashi garuruwa, kuma da manoma suka tsaya neman diyya, a Afrilun 1980 'yan sanda suka murƙushe su da asarar rayuka. Mun san cewa idan jama'a na neman ruwa, akan samu waɗanda za a biya kuɗinsa da su, kuma ba a tambayar wa suke so ko wa ke jiransu. Alassane ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, cikin ƙasar Adar, garin da ya fi Legas kusa da Faru nesa ba kusa ba. Ya rasu a 2015. Duk da haka sunansa baƙo ne a wurinmu, alhali yaro ƙarami zai lissafa maka jaruman Bombay goma ba tare da ya numfasa ba.

Inda igiyar ta tsinke

A Nijeriya ma an ɗauko hanyar. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim da Hausa. Ba soyayyar saurayi da budurwa ba ce, begen uwa ne da ta ratsa Sahara tana neman ɗanta, ta faɗa bauta, ba ta gan shi ba sai dab da ajalinta. Amma natsuwarsa da haƙurinsa wajen barin hoto ya yi magana sun nuna abin da zai iya biyowa baya. Abin da ya biyo baya kuwa kaɗan ne, irin su Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa a 1991. Faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa sayen fim ɗin ɗauka da wanke shi a ƙasashen waje ya gagara. A Nijar kuma Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekara 45, harkar ta yi sanyi. Shi kansa Shaihu Umar ɓacewa ya yi, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin Barlin na 2018.

Giɓin da aka bari kaset ɗin bidiyo ya cike shi. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma kafin shekara 10 harkar ta zama masana'anta. Bidiyo ya yi abin da sinima ta kasa: ya shiga cikin gida, ya iske matan aure a ɗakunansu, ya kai har ƙauye. Amma kuɗin ɗan kasuwa ne, dole ya dawo cikin makonni. Nasarar Sangaya a 1999 ta tabbatar wa masu zuba jari cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Mai kuɗin da ke jiran ribarsa a Ƙofar Wambai ba zai yarda a ƙare fim saurayi na tsaye bakin tafki hannu rabbana ba.

Hani daban, kunya daban

Daga yankinmu ne sauyi na gaba ya taso. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen sinima a jihar. Kano ta bi sahu, ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Cikin ƙa'idojin da aka gindaya har da hana namiji da mace taɓa juna a gaban kyamara. Masu shirya fim da yawa sun ɗauki wannan a matsayin dabaibayi, suka nemi hanyar kewaye shi: ba a taɓa juna, amma a yi rawa dab da dab, a faɗi a waƙa abin da ba za a faɗa a zaure ba. Hukuma na ja, su suna ja, shekara fiye da 20 ke nan.

Akwai ƙasar Musulmi da ta shiga irin wannan hali ta fita da wani abu daban. Bayan juyin juya halin 1979, Iran ta hana taɓa juna a fim, ta wajabta lulluɓi. A cikin wannan ƙunci Majid Majidi ya yi Baran a 2001. Wani yaro lebura a wurin gini a Tehran ya gano cewa sabon ma'aikacin da yake tsangwama yarinya ce 'yar gudun hijirar Afganistan, ta yi shigar maza don ta ciyar da gidansu bayan mahaifinta ya karye. Bai tona ta ba, bai kuma gaya mata ya sani ba. Ya ba da duk abin da ya tara, har katin shaidarsa ya sayar, kuɗin kuwa su ne suka ba iyalinta damar komawa ƙasarsu, wato da hannunsa ya biya kuɗin rabuwarsu. Yarinyar ba ta ce masa uffan ba daga farko har ƙarshe. Ranar tafiya takalminta ya maƙale a taɓo, ya ciro ya ajiye mata, mota ta tashi, ruwan sama ya fara cika sawun da ƙafarta ta bari. Ma'anar sunanta da Farisanci ita ce ruwan sama.

Babu hukumar tacewa a Kano ko Gusau da za ta sami abin yankewa a wannan fim, kuma babu mai kallon da zai ce bai ga so ba. Bambancin a nan yake. Hani daga waje yake zuwa, yana gaya wa ɗan wasa abin da ba zai yi ba. Kunya kuwa daga cikin mutumin da ke labarin take fitowa, tana da dalili, tana da farashi, kuma farashin nan shi ne labarin. Idan an hana taɓawa amma zuciyar labarin tana neman taɓawar, mai kallo zai ga dabaibayin. Idan kuwa mutumin da ke cikin labarin shi ya zaɓi ya janye hannunsa saboda amana ko tausayi ko girman wani, janyewar ta zama abin kallo.

Shekarar 2016 ta ajiye hanyoyin biyu gefe da gefe. A watan Oktoba ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a wani bidiyon waƙa, aka yi ta muhawara har a kafafen yaɗa labarai na duniya. Wata guda kafin nan, a bikin Toronto, Rahmatou Keïta ta Nijar ta nuna Zin'naariyâ, wato zinariya, fim ɗin da ya ƙunshi Hausa da Zabarmanci da Fulatanci. Tiyaa 'yar gidan sarauta ce da ta dawo ƙasar Damagaram daga karatu a Faransa, ta baro wanda take so, tana jiran ya zo neman aurenta, nauyin baki ya hana ta faɗin abin da ke cin ta. Tana cikin jiran ne take sauraron matan da ke kewaye da ita, kowace da labarin aurenta, ko rabuwarta, ko mijin da ya tafi bai dawo ba. Shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar. Labarin runguma ya zagaye ƙasar Hausa cikin kwana ɗaya. Labarin jira, wanda aka yi a ƙasar Hausa, ƙalilan ne a cikinmu suka ji shi.

Kammalawa

Wani zai ce mutanen da ke fama da talauci da tsoro ba su bukatar fim ɗin da zai ƙara musu baƙin ciki, gara a ba su biki su yi dariya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba ina kiran a daina waƙa ba ne. Amma al'ummar da ba ta ganin rashinta a cikin labaranta, kowa zai ɗauka shi kaɗai ne ya rasa. A ƙasashen Maradun da Bakura da Talatar Mafara, shekarun nan na 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun warwatsa dangi. Akwai baikon da ya mutu don an sayar da gona da shanu an biya kuɗin fansa. Akwai wanda aka sa wa rana, ya tafi ci-rani ko haƙar zinariya don ya haɗa lefe, ya dawo ya tarar garin babu kowa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka yi makonni wanda ke nesa bai san halin da nasa ke ciki ba. Waɗannan mutane ba su rera waƙa a lambu. Sukan ce haka Allah ya so, su yi shiru, kuma a cikin shirun nan akwai labaran da suka kai na Toula nauyi.

Abu biyu nake ganin za a iya yi ba tare da jiran gwamnati ba. Na farko, fassara. Kano tana da gwanayen da ke juya finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su Algaita, har sun zama abin kallon kowane gida. Gwanintar da ta iya wannan za ta iya sa wa Toula da Le Wazzou polygame da Baran bakin Hausa, da izinin masu su, a tura su wayoyin da matasanmu ke riƙe da su. Na biyu, sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Gusau da Kano da Zariya su sa waɗannan finafinai cikin abin da ɗalibi zai nazarta tare da Jiki Magayi, domin marubucin gobe ya san cewa labari yana iya ƙarewa ba da ramuwa ba, ba kuma da biki ba.

Saurayin da ke cikin Toula ya samo ruwa amma ya makara. Finafinan Ganda da Alassane sun fi shekara 50 suna jiran masu kallon da aka yi su dominsu, waɗanda ba sai an yi musu bayanin dalilin da ya sa Garba ya bar gari bai yi faɗa ba. Masu kallon nan suna Faru, suna Bakura, suna Talatar Mafara, kuma har yanzu ba wanda ya kai musu.